Alkawari Kaya Ne: Darasi Daga Rayuwar Mitch Harris

Karatu: Zabura 15, Joshuwa 9:3-21, Luka 14:28-30

A ƙasar Amurka akwai wasan da ake kira besbol, inda mutum ɗaya yakan jefa ƙwallo, wani kuma ya yi ƙoƙarin bugunta da sanda. Gwanin mai jifa yana da tsada ƙwarai, amma ƙarfin hannunsa ba ya daɗewa. Shekarun samartaka su ne damunarsa.

An haifi Mitch Harris a 1985. Ya shiga makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa da ke Annapolis, a jihar Maryland, inda ya shahara da jifa, har ƙwallonsa takan yi gudun kimanin kilomita 150 a sa'a guda. Karatu a makarantar kyauta ne, amma ɗalibin da zai shiga shekara ta 3 sai ya sa hannu cewa zai yi wa ƙasarsa hidima shekara 5 bayan ya gama. Harris ya sa hannu. A 2007 ƙungiyar Atlanta Braves ta zaɓe shi, ya koma aji. A 2008, shekarar da ya gama, ƙungiyar St. Louis Cardinals ita ma ta zaɓe shi.

Kada a yi tsammani zuciyarsa ba ta yi marmarin wasan ba. Ya roƙi hukuma ta sassauta masa, aka ƙi, gama a lokacin Amurka tana yaƙi a Iraƙi da Afganistan. Sai ya ɗauki jakarsa ya tafi teku. Wannan ne ya sa labarinsa ya fi amfani ga iyali fiye da na jarumin da bai taɓa jin kwaɗayi ba.

A Zabura 15 Dawuda ya yi tambaya game da wanda ya cancanci zama a wurin Ubangiji. Cikin halayen da ya ambata, a aya ta 4, akwai mutumin da yake riƙe rantsuwarsa ko da ta jawo masa hasara. Joshuwa ya gamu da wannan gwaji. Gibeyonawa sun yaudare shi da tsofaffin takalma da busasshiyar gurasa har ya yi yarjejeniya da su. Da asiri ya tonu bayan kwana 3, jama'a suka yi gunaguni, amma shugabanni suka ƙi taɓa su saboda sunan Ubangiji da aka ambata. Shi ya sa Yesu ya ce mai gina hasumiya ya fara zama ya ƙididdige kuɗin tukuna. Lokacin lissafi kafin sa hannu ne. Iyaye da yawa sukan manta da wannan: yaron da ya ga mahaifinsa yana ɓuya wa mai binsa bashi, ko yana wasa da alkawarin aure, wa'azin ranar Lahadi ba zai goge abin da idonsa ya gani ba.

Harris ya yi aiki a jiragen yaƙi 2, Ponce da Carr. In ya sami sarari yakan hau saman jirgi ya yi ta jifa tare da wani mai dafa abinci, ƙwallaye kuwa suna faɗawa cikin teku. Da ya komo a 2013 yana ɗan shekara 27, gudun ƙwallonsa ya ragu sosai, dole ya fara daga ƙananan ƙungiyoyi tare da yaran da ya girme su.

Nassi bai ce za a mayar wa mai cika alkawari dukan abin da ya rasa ba, kuma ba a mayar wa Harris duka ba. A ranar 25 ga Afrilu 2015 ya yi wasansa na farko a babbar gasa, abin da wani wanda ya gama makarantar Annapolis bai yi ba tun 1921. Ya fito a wasa 26 a shekarar. A 2016 ciwon gwiwar hannu ya kai shi ga tiyata, bai kuma sāke jifa a babbar gasar ba.