Gargaɗi Ga Direbobi Kan Ƙetare Ruwa Da Damina

Duk mai bin hanyoyin ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi ya san yadda suke komawa in an shiga marka a watan Agusta. Koramar da aka bi jiya tana yashi tsagwaro, yau sai a tarar ta cika ta batse tana gudu zuwa Gulbin Zamfara, ko da kuwa nan wurin ba a ga ɗigon ruwa ba. Can gabas aka yi shi. Mutanen Gummi ba su manta ambaliyar daminar 2024 ba.

To, ya kai direba mai Hilux ko Land Cruiser, ka sani ogzilari maganin laka ne da yashi, ba ya mai da mota jirgi. Ruwa mai gudu in ya kai santimita 60, wato ya haura gwiwar babban mutum, yana iya ɗaga mota ya tafi da ita. Masu ƙera sabuwar Hilux sun ƙayyade mata santimita 70, wannan ma a ruwa kwantacce mai ƙasa da tauri, ba mashigin da igiyar ruwa ke zare yashi daga ƙarƙashin taya ba.

Saboda haka in ka iso, tsaya ka sauka. Gai da masu fito da mutanen gari, ka tambaye su, domin sun san inda rami yake. A sa sanda a gwada zurfi. In ƙarfin ruwan ya hana mutum tsayuwa da ƙafa, mota ma ba ta da hurumi. Mun san halin tsaro yana sa kowa gudun kada dare ya yi masa a daji. Maganin wannan sammako ne, ba auka wa gulbi ba.

In ka ga za a iya, sauke gilasai, a rage fasinja, mata da yara su bi masu fito. Sa ƙaramar giya tun daga gaɓa, ka shiga sannu, kada ka canja giya, kada ka ɗaga ƙafa sai ka fita. Mai shiga da gudu wai don burga shi ke watsa ruwa cikin mashaƙar iskar inji. Ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska: da ya shiga silinda, sai ƙarfen fistin ya lanƙwashe.

In mota ta mutu a tsakiya, kada ka sake murza makulli. A fitar da mutane tukuna, a nemi igiya a jawo ta.

Bayan ka haye, riƙa taka birki a hankali har ya bushe. Ka duba man inji da na giya. In ka ga ya yi fari kamar an dama fura, kai motar wurin makaniki a ranar.