Yadda Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Ta Koma Aikin Gayya

Wayar hannu da ke aljihun manoma da 'yan kasuwa a Dayi da Malumfashi da Funtuwa, galibi Tecno ko Infinix ko Itel, ƙaramar kwamfuta ce. A cikinta akwai ɗan fallen silikon da bai wuce girman farce ba, shi ke yin dukkan lissafi. Ana kiransa farosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura. A da ma'aikaci ɗaya tak ke cikinsa. Yanzu akan sami takwas, kowane ana ce masa cibiya.

Farosesar da kamfanin Intel ya fitar a 1971, mai suna 4004, tana da tiransisto 2,300, tana kuma bugawa sau 740,000 a daƙiƙa. Shekaru talatin da 'yan kai injiniyoyi na bin hanya ɗaya: a rage girman tiransisto, a ƙara saurin bugu. A 2004 Pentium 4 ta kai bugu biliyan 3.8 a daƙiƙa, a nan kuwa aka ci karo da zafi. Ƙarin sauri na bukatar ƙarin ƙarfin lantarki, zafin kuma yana hauhawa fiye da saurin da aka samu. Wannan ɗan falle ya kai ga fitar da zafin wat 115, fiye da ƙwan lantarki mai wat 100. A shekarar nan Intel ya fasa fitar da samfurin da zai kai biliyan 4.

Ɗalibin ilimin halittu ba zai yi mamakin mafitar ba. Ƙwayoyin jikin giwa ba su fi na ɓera girma sosai ba, yawa suka fi su. Haka aka yi wa farosesa. Kamfanin IBM ya fitar da POWER4 mai cibiya biyu a 2001, sannan a 2005 AMD da Intel suka kawo irinta ga kwamfutocin gida.

Sai dai cibiya takwas ba ta nufin sauri ninki takwas, ko da mai sayar da waya ya faɗi haka. A ɗauki misalin gayyar tsinkar auduga. Mutum takwas za su raba gona su gama da wuri, amma idan sikeli ɗaya ne, dole a auna buhu bayan buhu, sauran suna jira. Gene Amdahl ya bayyana wannan iyaka tun 1967. Idan kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, cibiya takwas za ta ba da sauri kusan ninki 4.7 ne kawai, kuma ko an tara cibiya dubu ba za a kai ninki 10 ba. Malami zai iya ba ɗalibai wannan lissafi a aji: a raba 0.9 gida 8, a ƙara 0.1, sannan a raba 1 da abin da aka samu.

Gyaran da ya fi amfanar mazauna karkara ya zo a 2011, lokacin da kamfanin ARM na Ingila ya gabatar da tsarin haɗa manyan cibiyoyi da ƙanana. Farosesar Helio G85 ta kamfanin MediaTek, wadda ke cikin Infinix Note 10 ta 2021, tana da manya biyu da ƙanana shida. Ƙananan ke ɗaukar aiki mara nauyi, kamar karanta saƙo ko sauraron rediyo, da ɗan lantarki kaɗan. Manyan ba sa tashi sai aiki ya yi nauyi. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, ake kai waya wurin mai caji a biya kuɗi, wannan rabon aiki ne ke taimaka wa batir ya kai dare.