In Birkin Mota Ya Yi Tauri

Ya kai mai karatu, ko kana tuƙa mota, ko yaron mota ne kai, ko fasinja, wannan darasi naka ne. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta bi Doso, ta ratsa Kore Mai Ruwa da Dogondutsi, ta wuce Birnin Ƙonni. Kullum motoci na bin ta cike da mutane da buhunan hatsi. Ran mutanen nan duka yana ƙarƙashin ƙafa guda, wato ƙafar direba bisa birki.

Wata rana direba kan taka birki ya ji shi da tauri kamar dutse. Ya danna da ƙarfi, mota kuwa ba ta son tsayawa. Mi ya kawo haka?

Mai taimakon ƙafa

Ƙarfin ƙafar mutum kaɗai bai isa ya tsai da mota mai kaya cikin sauƙi ba. Don haka aka yi mata mataimaki. A ƙananan motoci, in ka buɗe murfin inji, za ka ga wata baƙar tukunyar ƙarfe daidai saitin ƙafar direba. Da Faransanci ana rubuta sunanta servo-frein. A cikinta akwai faifan roba. Tiyo guda ya fito daga jikinta, ta nan ake zuƙe iskar da ke ciki. In ka taka birki, iskar waje ta shiga ta gefe guda, ta tura faifan, ta ƙara wa ƙafarka ƙarfi.

A motar fetur, inji da kansa ke zuƙar iskar. A motar gazuwal, wato dizal, ƙaramin famfo ke yin aikin. A tsofaffin Toyota Hiyas da yawa famfon yana bayan dinamon caji, bel guda ke juya su.

To, ka gane ke nan: in zuƙar nan ta tsaya, mataimaki ya tafi, birki sai ya yi tauri.

Gwaji na farko

1. Aje mota wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka kashe inji.
2. Taka birki sau 5 ko 6, har ya yi tauri.
3. Riƙe ƙafarka bisa shi, ka tada inji.

In ka ji birki ya ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka, tukunya na aiki. In bai motsa ba, akwai ciwo.

Ina ciwon yake?

Fara da abu mai araha, kada ka fara da mai tsada.

Duba ƙarƙashin abin takawa. Wani lokaci gorar ruwa ce ko takalmi ya gangara ya tokare.

Duba tiyo. Zafin inji da na ƙasarmu kan busar da roba ta tsage. Zare shi daga jikin tukunya, inji na aiki, ka sa yatsa a baki. In bai kama yatsarka ba, tiyo ya fashe, ko ya toshe, ko famfo ya mutu. Ka yi nesa da bel da fanka, kada su kama hannun rigarka.

Duba ɗan makullin iska da ke bakin tiyo. Hanya guda kawai yake barin iska ta bi, daga tukunya zuwa inji. Busa shi ta baki biyu. In iska ta wuce ko'ina, ya lalace, a sake shi.

In fitilar caji ta kama, birki kuma ya yi tauri lokaci guda, duba bel, wataƙila ya tsinke.

In kana jin iska na huci wajen ƙafarka duk sadda ka taka, faifan roba ya yage. Wannan aikin bakanike ne. A sake tukunyar, kada a yi mata liƙi.

In duk waɗannan lafiya suke, a kwance tayoyi. Ƙura da tsatsa kan sa birki ya cije. Man inji ma kan jawo haka, in an zuba shi maimakon man birki, don yana kumbura roba. Kai da ka iya karatu yanzu, dubi murfin kwalbar man birki. Za ka ga DOT 3 ko DOT 4. Abin da aka rubuta shi za ka saya.

Mugun hali

Wasu direbobi kan kashe inji bisa gangara don su rage shan mai, kamar in za a sauka daga tudu zuwa kwarin Dallol Mawri. Wannan wasa da rai ne. Da inji ya mutu, taki 2 ko 3 kawai suka rage a tukunya, daga nan sai tauri. In kana cikin mota ka ga haka, yi magana: "Malam direba, don Allah tada inji." Man da za a rage bai kai ran mutum guda ba.

In abin ya same ka bisa hanya

Kada ka firgita, birki bai mutu ba. Danna da dukan ƙarfinka, kada ka yi ta ɗagawa kana takawa. Sauko da giya ɗaya bayan ɗaya. Ja birkin hannu sannu-sannu. In ka tsaya, sauke mutane. Kada ka sake ɗaukar kowa sai an gyara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mine ne aikin baƙar tukunya?
2. Yaya ake gwajin farko?
3. Don mi ba a kashe inji bisa gangara?
4. Kwafi abin da aka rubuta bisa murfin kwalbar man birki na wata mota a garinku.