Darasi Daga Burtalin Balan: Hanya Ma Tana Da Haƙƙi



Ran nan na bi ta Balan, a ƙaramar hukumar Gaya, na tarar matasa da dattawa sun fito aikin gayya da adda da shebur. Suna sare ƙaya, suna cike ramukan da damina ta bari a burtalin da shanu, amalanke, babura da masu tafiyar ƙafa duk suke bi. Ba mai biyansu ko sisi.

Wani dattijo ya ce min: "Malam, ai ba ruwa ne ya fi cinye hanyar nan ba, mu ne. Kowa in ya zo huɗa sai ya ƙara kunya ɗaya cikin burtali. Bana kunya, baɗi kunya, har amalanke ta kasa wucewa. Shanu su rasa wajen bi su faɗa gona, sai rigima da makiyaya."

Nan na tuna hadisai biyu na Abu Huraira (RA), duka a Bukhari da Muslim:

1. Allah ya gafarta wa wani mutum saboda reshen ƙaya da ya kawar daga hanya.

2. Idan aka yi saɓani kan faɗin hanya, Annabi (SAW) ya hukunta a bar kamu bakwai.

To ɗan'uwa, wannan kunyar da ka ƙara haƙƙin jama'a ce, har da mai naƙudar da za a kai asibiti Gaya da tsakar dare. Kafin shuka mai zuwa ka mayar da ita. In an kira gayya kuma, ka fito da addarka.

Allah ya sa mu dace.