TSATSO A LAMBU: YADDA A KE RAGE ƁARNARSA BA DA GUBA BA

Sau da yawa mai lambu ya kan bar dashensa lafiya lau da maraice, gari ya waye ya tarar da ganyen duk huji, ya duba gabas ya duba yamma bai ga abin da ya yi ɓarnar ba. Ɗaya daga cikin ɓarayin daren nan shi ne tsatso, watau ƙwaron nan mai abu kamar almakashi a wutsiya. Amma kada a yi gaggawar yanke masa hukunci, gama yana da ɓarna, yana kuma da amfani.

1. Kamanninsa da zamansa

Tsatso siriri ne, mai faɗi-faɗi, launinsa ja-ja ko baƙi-baƙi, tsawonsa daga rabin inci zuwa inci guda. Ƙafafunsa shida. Almakashin namiji a lanƙwashe ya ke, na tamata kuwa ya fi miƙewa. Masana sun ƙidaya irinsa wajen 2,000 a duniya. Ba shi da dafi, in ya matsi yatsa ma ba ya yin rauni. Zancen da a ke yi wai ya kan shiga kunne ya huda har ƙwaƙwalwa, wannan tatsuniya ce.

Ba ya son rana, ba ya son bushewa. Da rana ya kan ɓuya inda ke da duhu da laima, kamar ƙarƙashin dutse, da tsohon katako, da tarin ciyawa, da cikin kunnen masara. Sai dare ya yi ya fito kiwo. Tamatar ta kan yi ƙwai a ɗan rami cikin ƙasa, ta zauna tana gadinsu tana share su har su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan kamar iyayen su ke, sai dai ƙanana ne, ba su da fiffike.

2. Ɓarnarsa da amfaninsa

Abin da ya fi ɓatawa shi ne tsiro sabon fitowa, da ganye mai taushi kamar salak da alayyafo da kabeji, da furanni, da gemun masara. In ya cinye gemun tun yana ɗanye, sai goyon ya fito da giɓi, ƙwaya nan babu can. Tsiron da ya yi ƙwari kuwa da ƙyar ya ke yi masa lahani.

Ta wajen amfani, tsatso yana cin darɓa, watau ƙananan ƙwarin nan da ke taruwa bayan ganye suna tsotse ruwansa. Yana cin ƙwan malam-buɗe-littafi da ƙananan tsutsotsi. Muguwar tsutsar masara da ta bayyana a Nijeriya cikin 2016, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, tsatso na cikin masu cin ƙwanta da 'ya'yanta. Saboda haka wanda ya watsa guba ko'ina ya kashe ɓarawo da mai gadi tare. Ga shi kuwa ganyen nan shi iyali za su ci gobe. Abin da ya kamata shi ne a kore shi daga inda ya ke ɓarna, a ƙyale shi inda ya ke aiki.

3. A fara tabbatar da mai laifi

Bayan sallar lisha ka ɗauki fitila, ka shiga lambu, ka duba bayan ganye da gindin tsiro. Ka yi haka dare biyu ko uku. In ka ga sawu mai yauƙi yana ƙyalli, wannan aikin dodon koɗi ne. In ka ga kashi ƙwaya-ƙwaya bisa ganye, tsutsa ce. In an datse tsiro daga gindi, ka tuhumi gyare ko tsutsar ƙasa. Cin tsatso ƙananan huji ne barkatai, da gefen ganye a gaigaye. Sai ka gan shi da idonka bisa ganyen sa'an nan ka tasam masa.

4. A rushe masa mafaka

Ka kwashe tarin ciyawa, da ruɓaɓɓen ganye, da fasassun tukwane, da duwatsu daga kusa da fangalin da ka ke renon dashe. Tarin taki a ajiye shi nesa kaɗan. In kana lulluɓe ƙasa da ciyawa don riƙe laima, ka janye ta daga gindin ƙananan tsiro har su yi ƙwari, sa'an nan ka mayar. Ban ruwa kuma a yi shi da safe, domin kafin dare fuskar ƙasa ta sha iska.

5. Tarko

Tun da ya ke kullum da asuba yana neman wurin ɓuya, sai mu ba shi wurin da mu muka zaɓa. Ga tarko iri uku, babu wanda zai ci maka ko kwabo.

Na fari, ka naɗe tsohuwar jarida ko tsumman buhu, ka yayyafa masa ruwa, ka ajiye tsakanin tsiro da maraice. Guntun gora mai rami, tsawon ƙafa guda, shi ma ya yi.

Na biyu, ka cusa busasshiyar ciyawa cikin gwangwani ko 'yar tukunya, ka kife ta bisa kan sanda. Da asuba sai su hau su shige ciki.

Na uku, ka sami gwangwanin kifi wanda ba a wanke ba, ka zuba man gyaɗa ko sauran man suya zurfin rabin inci, ka binne shi har bakinsa ya yi daidai da ƙasa. Ƙarnin kifi ya kan jawo su, su faɗa cikin man, su kāsa fita.

Kowace safiya ka zazzage na fari da na biyu cikin bokitin ruwan sabulu, nan da nan su mutu. Ko kuwa ka zuba wa kaji. Abin da ya fi duka, in kana da masara ko itacen marmari da darɓa ta kama, ka kai su can ka sake su, amma ban da lokacin da masara ke fid da gemu. Tarkon da ba a duba shi kullum ya zama gidan da ka gina musu, saboda haka kada ka yi sakaci.

6. Kāre ƙananan tsiro

Ka yanke gindin robar ruwa da samanta, ka kafa ta kewaye da tsiro, ka danna ta cikin ƙasa inci guda. Ko kuwa ka yi renon iri cikin akwati bisa dakali, sai ya yi ganye huɗu ko biyar ka dasa. Kada ka kashe kwaɗo da ƙadangare a lambu, gama su ma suna cin tsatso. Kaji kuwa a sake su cikin fangali bayan an kwashe amfani, kada a sake su lokacin da tsiro ke ƙarami.

Ka riƙa ƙidaya abin da tarko ya kama. In ka ga yawansu na raguwa, sabon ganye kuma na fita babu huji, sai ka ɗauke tarkon. In kuwa ka yi mako biyu ɓarna ba ta ragu ba, wataƙila wani ƙwaro ne dabam. Sai ka tsinki ganyen da aka ci, ka kai wa malamin gona ya duba.