Kafin Ka Zuba Kuɗin Masara a Kyamara

Da kaka ne kuɗi ke shigo wa matashin Musawa, kuma a lokacin ne bukukuwan aure ke yawaita. In kana son shiga sana'ar hoto, kada ɗoki ya sa ka zube kuɗin masararka kan sabuwa fil a kwali. Ta hannu mai lafiya ta ishe ka koyo, har ka ci abinci da ita.

Nemi Canon 600D, wadda ta fito a 2011, ko Nikon D3200 ta 2012. Sun kwana biyu, amma har gobe suna aiki. Canjin da ya rage ka sa shi a gilashin gaba, 50mm f/1.8. Shi ke fito da fuskar amarya tas a ɗaki mai ƙarancin haske. In Nikon ka ɗauka, tabbatar an rubuta AF-S a jikin gilashin, in ba haka ba da hannu za ka riƙa saita shi.

Kada ka biya sai ka gwada. Ɗauki farin bango a f/16, ka zuƙo hoton; baƙin ɗigo-ɗigo ƙura ce a ciki. Haska gilashin da tocila. In ka ga zane kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, bar musu kayansu.

Batiri biyu dole ne, ka san halin wuta a ƙauyukanmu. Jaka mai zif kuma za ta tare ƙurar hunturu a kan babur.

Ranar da za ka Kano sayayya, tafi da wanda ya san kan sana'ar, ko da kai za ka biya masa kuɗin mota.