Yadda Za Ki Saurari Gajerun Labaran Joyce da Mansfield Har Su Zauna Miki

'Yar'uwa, in kin saba sauraron littattafan Hausa a rediyo ko a waya, kunnenki ya riga ya horu. Abin da ya rage shi ne ki gwada shi a kan wani irin labari daban. A farkon ƙarni na 20 wasu marubutan Turai sun ajiye tsohon tsarin ba da labari, suka koma bin abin da ke kai-komo a zuciyar mutum. Shi ya sa wanda ya karanta su a gurguje yakan ce babu abin da ya faru. Abu kuwa ya faru, a hankali ne kawai, kuma kunne ya fi ido saurin kama shi. Ga yadda za ki yi.

1. Fara da ƙarami. Ki ɗauki "Eveline" na James Joyce, ɗaya daga cikin labarai 15 na littafinsa Dubliners da ya fito a 1914. Bai kai kwata na awa ba. Budurwa ce a birnin Dablin, zaune a bakin taga da yamma, tana shawarar ko ta bi saurayinta Frank, ma'aikacin jirgin ruwa, zuwa Ajantina, ko ta zauna ta riƙe gidan ubanta kamar yadda ta yi wa mahaifiyarta alkawari kafin ta rasu.

2. Sauke shi daren yau. LibriVox, wanda aka kafa a 2005, yana da tsofaffin littattafai da 'yan sa-kai suka karanta, kuma kyauta ne. Rubutaccen labarin kuma yana Project Gutenberg, shi ma ba ko sisi. Ki sauke duka biyun lokacin da data ke araha, ki cika waya da caji, ki ajiye iyafis kusa da matashi.

3. Zaɓi murya. Shahararrun littattafai sukan samu masu karatu fiye da ɗaya. Ki saurari minti ɗaya daga kowanne. Wanda ba ya gaggawa, yake numfasawa a inda jimla ta tsaya, shi ne naki. In Turancin ya yi miki sauri, rage gudun sautin kaɗan. Babu mai ƙirga miki lokaci.

4. Sauraron farko, ke kaɗai. Ba jagora, ba ƙamus, ba tsayarwa. Ni na fi son bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, da kofin shayi a hannu. Kada ki haɗa da wanke-wanke ko ƙarar adaidaita sahu, domin jimla ɗaya da ta wuce ki tana iya zama zuciyar labarin. Kalmar da ba ki gane ba, bar ta ta wuce.

5. Rubuta abu uku. Da zarar an gama, ɗauki biro: wani abu da kika gani, wani sauti da kika ji, da tambayar da ta tsaya miki a rai. A "Eveline" kina iya rubuta ƙurar labule, da kiɗan da ke tashi daga titi yana tuna mata daren rasuwar mahaifiyarta, sannan tambayar: me ya sa ta ƙanƙame ƙarfen tashar jirgi ta ƙi motsi alhali Frank yana kiran ta? Waɗannan marubuta a cikin ƙananan abubuwa suke ɓoye naman zance.

6. Yanzu ki kira jagora. Akwai shirye-shiryen sauti da laccocin malaman jami'a a YouTube da manhajojin fodkas, inda ake karanta labari ana tsayawa ana bayani. Ki rubuta sunan labarin da na marubucin, za ki same su. Jagora na ƙwarai zai gaya miki yadda Dablin take a ƙarƙashin mulkin Ingila, da matsayin coci, da abin da albashin shilin 7 a mako yake nufi ga yarinyar kanti irin Eveline. Wanda ya ce ma'ana ɗaya ce tak, tasa, ki canza shi. Kuma ki kiyaye wannan tsari: ke da farko, jagora daga baya. In ya riga ki, da kunnensa za ki ji labarin.

7. Sauraro na biyu, da rubutu a gabanki. Washegari ki sake kunnawa, idonki na bin layi. A nan za ki lura da inda muryar mai ba da labari ke zamewa ta koma tunanin Eveline ba tare da an yi sallama ba. Wannan ita ce babbar dabarar wannan salo. Kalmomi biyar kawai za ki duba a ƙamus, kada karatu ya koma jarrabawa.

8. Kada ki jira darasi a ƙarshe. Tatsuniya takan rufe da hukunci, mugu ya ga sakayya. Waɗannan labarai a buɗe suke barin ƙofa. A "Miss Brill" na Katherine Mansfield, 'yar Niyu Zilan da tarin fuka ya kashe a 1923 tana da shekara 34, wata malamar Turanci da ta manyanta a Faransa takan fita lambu kowace Lahadi da gashin dabba a wuya, tana kallon mutane. Ranar nan wani saurayi da budurwarsa suka yi mata dariya a kunnenta. Ta koma gida ba ta tsaya sayen yankin kek ɗin da ta saba ba, ta mayar da gashin cikin akwati. Kek ɗin da ba a saya ba ya isa ya gaya miki zafin da ta ji.

9. Tsara wata guda. Makon farko "Eveline". Na biyu "Miss Brill". Na uku "Kew Gardens" na Virginia Woolf, na 1919, inda dodon koɗi ke jan jiki a gadon furanni, mutane bibbiyu na wucewa da guntayen hirarsu. Na huɗu "The Dead", labarin da ya rufe Dubliners. Ya haura awa ɗaya, don haka ki raba shi zama biyu. Labari ɗaya a mako ya wadatar, sannu ba ta hana zuwa.

10. Nemi abokiyar hira. Tura wa ƙawa ɗaya sautin, ku ajiye ranar Asabar, kowacce ta zo da abubuwanta uku. Za ki yi mamakin abin da ta ji wanda ya wuce ki.

To, gobe da asuba: iyafis a kunne, biro a hannu, minti 15. Kafin ruwan koko ya tafasa kin tsaya tare da Eveline a bakin jirgi, kuma ke ma kina da amsarki a kan ko ya kamata ta tafi.